Wa Zai Kai Tsoho Likita? Aikin Wani Shehun Malami da Halin Dattawan Majiya

Duk wanda ya bi kwarin Majiya, daga wajen Tama zuwa sauran ƙauyukan ƙasar Buza, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne layukan dogon yaro da suka ratsa gonaki, sahu bayan sahu, suna tare iska. A shekarar 1975 aka fara dasa su, bayan babban farin 1973 da 1974, da haɗin gwiwar ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE da su talakawan wurin. A maƙwabta kuma, watau ƙasar Kaita, an buɗe wani babban aiki a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da jagorancin hukumar FAO, inda aka yi ta jera duwatsu bisa fako da gangaren tsaunuka domin a tsai da ruwa. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka, saboda mazan sun tafi bida.

To, saurayin da ya gina ramin dashe yana ɗan shekara 20 a 1975, yau ya kai 70. Matar da ta yi dakon dutse da goyo a baya a farkon aikin Kaita, yau jikokinta ne ke ɗebo mata ruwa. Itatuwan an ƙidaya su, an auna amfanin da suka ƙara wa gero, an rubuta rahotanni masu yawa a kansu. Su masu dashen fa, in ƙafa ta ƙi, ido ya yi yana, wa ke kai su likita, wa ke biya, kuma yaya ake karɓarsu in sun je?

Irin wannan tambaya tana da ilimin da ke amsa ta. Shi ne ilimin zaman jama'a, wanda ake ce wa sosiyoloji a jami'a. A yau muna so mu ba ku labarin wani malami da ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa cikin wannan ilimi a ƙasarmu, har ya kai shi cikin ɗakunan likita, sa'an nan mu komo Tama mu ga abin da karatunsa zai iya faɗa mana game da dattawanmu.

Akwatin magani na ƙauye

Kafin mu kai gare shi, wajibi ne a tuna cewa Nijar ba baƙuwa ba ce ga haɗa ilimin zaman jama'a da aikin kiwon lafiya. Tun cikin shekarun 1960, a jahar Maradi, ma'aikatan raya karkara da na lafiya suka fara horar da mutanen da ƙauye ya zaɓa da kansa: namiji mai riƙe akwatin magani, da ƙwayar zazzaɓi da asfirin da jan magani na miki da maganin ɗigawa a ido, da kuma ungozoma da aka koya wa tsabtar yankan cibi. Wani masanin zaman jama'a Bafaranshe, Guy Belloncle, wanda daga baya ya koyar a jami'ar birnin Tur, ya rubuta littafi a kan wannan aiki tare da likita Georges Fournier a 1975, shekara uku kafin babban taron Alma-Ata na 1978 da ya sa duniya ta rungumi kiwon lafiya na matakin farko. Ungozomomin nan kusan dukansu tsofaffi ne. Watau a farkon tsarin, tsohuwa ma'aikaciya ce, ita ake dogara da ita. Sai dai ba ta cikin waɗanda aka tsara aikin dominsu.

Daga tsibiran Kwara zuwa bakin likita

Malamin da muke magana shi ne Jean-Pierre Olivier de Sardan. An haife shi a kudancin Faransa a 1941, ya yi karatunsa a Paris, ya fara zuwa Nijar cikin shekarun 1960 yana matashi. Wurin Wogo da Kurtai, mazauna tsibirai da gaɓar kogin Kwara a ƙasar Tilaberi, ya fara aiki, ya koyi Zabarmanci har yana hira da shi ba tafinta. Malamansa na fari tsofaffin manoma ne. Daga bakinsu ya tattara labarun zamanin bauta da zuwan Nasara, ya fitar da su a littafi a 1976, kuma a 1984 ya buga babban littafinsa a kan al'ummar Sonrai da Zabarmawa. Ya yi aiki a cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, CNRS, ya koyar a makarantar EHESS a Marsai, inda ɗaliban Afirka da dama suka yi digirin dakta a hannunsa. A 1999 ya zama ɗan ƙasar Nijar.

Da ya tsaya nan, da sunansa ya shiga jerin masanan da suka rubuta al'adun gargajiya suka wuce. Amma sai ya juya. Ya lura cewa manomin da yake hira da shi ba ya rayuwa da tarihin kakanni kaɗai: kullum yana karo da malamin gona, da mai karɓar haraji, da ma'aikacin likita, da baƙin da ke zuwa da mota fara su ce sun kawo ci gaba. Saboda haka ya ce waɗannan ma abin bincike ne, a zauna da su, a saurare su, a ga yadda suke aiki, kamar yadda ake zama da boka ko sarkin ruwa. A 2001 shi da wasu masana, cikinsu har da Mahaman Tidjani Alou, suka kafa cibiyar LASDEL a Yamai, wadda ta yi reshe a Paraku ta ƙasar Benin. A Jami'ar Abdu Mumuni kuma, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970, ya jagoranci karatun digiri na biyu a kan zaman jama'a da kiwon lafiya.

Hanyar aikin cibiyar nan ba ta da wuyar faɗi, amma tana da wuyar yi. Mai bincike ba ya aika takardar tambayoyi a cika masa. Da kansa yake zuwa, ya zauna bisa benci tare da majinyata tun da sassafe, ya kwana a ɗakin haihuwa, ya bi mai gadi da mai shara da mai sayar da tikiti, yau da gobe, har mutane su saba da shi su koma yin abin da suka saba yi. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike.

Abin da aka gani ta wannan hanya ya fito a 2003 cikin littafin da ya shirya tare da Yannick Jaffré, mai suna Une médecine inhospitalière, watau likitar da ba ta marhabin da baƙo. An yi binciken a manyan birane biyar: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Ko'ina labarin kusan ɗaya ne. Majinyacin da yake da ɗan'uwa ko aboki ko wani sananne a cikin gidan, a kama hannunsa a wuce da shi gaban layi, a duba shi da kyau. Wanda bai san kowa ba, ya yini zaune, in an kira shi a yi masa tambaya biyu ba a ko ɗaga kai an dube shi ba, a miƙa masa ordonas ba bayani. An ga ƴan aikin sa kai da leburori suna yin allura, an ga kuɗin da ba rasit, an ji tsawar da ake yi wa mata a kan gwiwa. Littafin bai yi wa ma'aikata da yawa daɗi ba. Amma marubutan ba su ce ma'aikacin likita mugun mutum ne ba. Sun nuna ƙarancin albashi da rashin kayan aiki, da yadda hazo ke rufe wanda ya yi da kyau da wanda ya ɓata, ba lada ba horo, da kuma nauyin dangi da ke kan ma'aikaci, wanda in ya ƙi fifita ɗan'uwansa za a ce ba ya da zumunci.

Daga nan ne malamin ya fitar da batun da aka fi saninsa da shi. Ya ce a kowace ma'aikata akwai doka iri biyu: ta takarda, wadda aka koyo a makaranta aka manna a bango, da ta aiki, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san ta, sabon ma'aikaci ma cikin wata guda ya haddace ta. Misali, akwai takardar da ake so ungozomar likita ta riƙa cikawa sa'ad da mace ke naƙuda, domin a gane da wuri in haihuwa ta zo da gardama. Binciken ya tarar a wurare da yawa sai an haihu ake cika ta, don kada mai dubawa ya tarar da ita fara. Rahoto ya tafi Yamai lafiya lau, amma amfanin takardar ya faɗi. Ya kuma ja kunne game da tsare-tsaren da ake ƙerawa a wata ƙasa a yi ta yawo da su duniya kamar riga ɗaya da za a sa wa kowa. Wannan shi ne jigon littafinsa na 2021, La revanche des contextes. A ganinsa gyara na gaskiya yana hannun ma'aikatan ciki, irin majon da ya tsara layi da adalci ko ya sami dabarar hana magani yankewa ba tare da wani ya umurce shi ba. A nemo su, a koya daga gare su.

Magani kyauta, da waɗanda ke cikin lissafi

Yadda talaka ke biyan magani a ƙasarmu yana da tarihi. Bayan shawarar Bamako ta 1987, an yi gwaji a 1993 a gundumomin Boboi da Sayi, aka bar gundumar Ilela ta jahar Tawa bisa tsohon tsari domin a gwada bambanci. A 1995 doka ta fito, majinyaci ya fara biyan wani abu duk sa'ad da ya zo da ciwo, kuɗin kuma su koma sayen magani ƙarƙashin kwamitin mutanen gari. Daga 2001, shirin musamman na shugaba Mamadu Tanja ya gina ƙananan ɗakunan magani a ƙauyuka masu yawa. A 2005 aka ce aikin fiɗa na haihuwa kyauta ne, a 2006 aka ƙara da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki da tsarin iyali, sa'an nan cutar daji ta mata.

Masanan LASDEL sun bi sawun wannan mataki, sakamakon ya shiga littafin da Olivier de Sardan da Valéry Ridde suka fitar a 2014 a kan Burkina Faso da Mali da Nijar. Alherin a fili yake: uwaye sun yi ta kawo yara da wuri. Matsalar ita ce likita na yin aikin ne bashi, ta aika takardu gwamnati ta biya, biyan kuma ya yi ta jinkiri wata da watanni. Sai kanta ta bushe, uwa ta zo a duba ɗanta kyauta, a rubuta mata ordonas ta tafi farmasi da kuɗinta.

Ba wanda zai yi gardamar fara ceton uwa da jariri a ƙasar da wajen rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba. Amma a sake duba jerin nan, babu tsoho a ciki. Har ma akwai wani abin lura: sa'ad da kuɗin gwamnati suka makara, abin da ke riƙe akwatin likita shi ne kuɗin masu biya, watau manya, kuma dattijo na cikinsu. Ragin rabin kuɗin ayyukan likitocin gwamnati da hukumomi suka yanke a watan Agusta na 2024 ya shafi kowa da kowa, tsofaffi ma sun samu sauƙi ta nan. Duk da haka ciwon tsufa yana da halinsa dabam, kuma a nan ne ya kamata mu komo Majiya.

Gidan da samari suka tafi

Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta sami miliyan 17 da ɗoriya, fiye da miliyan 3 daga cikinsu a jahar Tawa. Masu shekara 60 zuwa sama wajen 4 ne cikin 100. Kason kaɗan ne, shi ya sa mai tsara kasafi ke iya tsallake shi, amma in an buga lissafi mutane ne dubu ɗaruruwa. Tsawon ran da ake sa wa jariri tsammani bai kai shekara 40 ba a 1960, yanzu ya haura 60. Fansho kuwa na wanda ya yi aikin albashi ne. Manomi da makiyayi da mai dakau ba su da wani asusu sai ƴaƴansu.

A da, gandu shi ne fanshon tsoho. Ƴaƴa da ƙanne su yi noma tare, mabuɗin rumbu na hannun maigida, kuma ko ƙarfinsa ya ƙare maganarsa ba ta ƙare ba. A Adar wannan tsari ya daɗe da haɗuwa da bida. Da an gama kaka samari su kama hanyar Abijan ko Nijeriya ko Kamaru ko Libiya ko Aljeriya, wasu su komo da damina, wasu su shekara biyu ko uku. Gonaki sun rarrabu da gado har sun ƙanƙance, abin da ake girbewa ba ya kai gida ga wata kakar, saboda haka kuɗin da ke shigowa daga waje su ne cikon tuwo. Ba a ce ƴaƴan Adar sun yar da iyayensu ba. Akasarinsu don iyayen suka fita. Amma mai aiko kuɗi ba shi ne mai kama hannu ba.

Mu ɗauki misalin dattijo a wani ƙauyen Tama da fitsari ya fara yi wa wuya, ko tsohuwa mai hawan jini. Da fari za a ce tsufa ne, tsufa kuwa ba ya da magani. Sa'an nan a ce zahi ne ko sanyi, a jiƙa saiwa, a nemi rubutu, a sayi ƙwaya wajen mai tebur ranar kasuwa. Waɗannan sunaye na ciwo ba abin rainawa ba ne, domin da su majinyaci ke tunani. Jaffré da Olivier de Sardan sun keɓe littafi guda a 1999 a kan yadda jama'ar Afirka ta Yamma ke raɗa wa cututtuka suna, da yadda ma'aikaci da majinyaci kan yi magana kowa na nufin abu dabam. In abin ya tsananta sai a buga wa ɗa waya a Abijan. Shi zai ce a tafi ko a dakata, domin shi zai biya. Sai a nemi amalanke ko babur zuwa ƙaramin ɗakin magani, daga nan a tura su babbar likitar kwamin, daga nan Buza ko Madawa, wani lokaci har Tawa, ko kuwa asibitin mishan na Galmi da aka buɗe a 1950. Kowane mataki da kuɗin mota, da abincin mai jinya, da kwanakin da surukar gida za ta bar yara da dabbobi.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Tsarin biyan kuɗi na likitocinmu an gina shi ne bisa ciwon da ke zuwa ya wuce, kamar masassara da zawo: a biya sau ɗaya, a sha magani kwana uku ko biyar, a warke. Hawan jini da ciwon suga da sanyin ƙashi ba su wucewa. Suna son awo wata wata da ƙwaya kullum har ƙarshen rai. Dattijon da ya sha magani na kwana talatin ya ji dama, a hankalinsa ya warke, kuma ba ya son ya sake ɗora wa ɗansa nauyi, sai ya bari. Bayan wata shida a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Akwai kunya ma a ciki. Mutumin da ake durƙusa wa a ƙofar gidansa, yaya zai kwance wando gaban ma'aikaciyar da ba ta kai ƴar autarsa ba, ko ya jure a kira sunansa gatsau cikin layi? Da yawa sun gwammace su zauna gida da mutuncinsu. Wannan ba ya fitowa a rahoton wata, domin rajista ba ta rubuta wanda bai zo ba.

Mafi tsananin hali shi ne na tsohuwar da mijinta ya rasu ba ta da ɗa namiji a raye, da kuma wanda gigin tsufa ya kama. Su kan dogara da zakka da kwanon maƙwabta. A ɗaya gefen kuma, kada a manta cewa kakar nan da ba a lissafa ta cikin masu magani kyauta ba, ita ce sau da yawa ke cewa a kai jika likita ko a bari, ita ke zama da yara in uwa ta tafi gona ko rijiya. Lafiyarta na cikin lafiyar yaran da ake son ceta.

Abin da ya rage wa ɗalibai

Mafi yawan aikin da malamin nan da abokansa suka yi a fannin lafiya ya karkata ga uwa da ɗa, domin can mutuwa ta fi yawa, can kuma masu ba da kuɗin bincike suka fi dubawa. A wasu ƙasashe an sami waɗanda suka mai da tsufa fagen karatunsu. A Gana, Nana Araba Apt, malamar ilimin zaman jama'a a jami'ar Legon, wadda ta rasu a 2017, ta yi shekaru tana nuna yadda ƙaura zuwa birni ke sassauta igiyar da ke riƙe da tsofaffi, tun ana ce mata Afirka ba ta da wannan matsala. A Senegal an fito da shirin Sesame a 2006 domin masu shekara 60 zuwa sama su sami magani kyauta, sai ga shi ya ci karo da irin cikas ɗin namu, watau bashin da gwamnati ba ta biya asibitoci da wuri ba. Duk mai son a yi wa dattawanmu irin wannan doka, ya fara karanta abin da ya sami ta yara a nan da ta tsofaffi a can.

Jahar Tawa tana da jami'arta tun 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar a 1975. Ana koyar da shari'a da tattalin arziki da tafiyar da ma'aikatu a cikinta. Ɗalibin da zai riƙe asusun wata likitar gunduma gobe, da wanda ke neman abin rubuta kundinsa a Yamai, ba sai sun je nesa ba. A ra'ayinmu, aikin da ke jiran su a Tama ƙarami ne a ido: a bi gida gida a san nawa ne ba su da namiji mai ƙarfi a cikin rani, a zauna bisa bencin likita ranar kasuwa a ga masu furfura nawa suka zo da yadda aka yi musu magana, a bi ordonas ɗaya daga hannun majo har a ga ko an saye ta duka ko rabi, wa ya biya, kuma ko an komo wata mai zuwa. A nemo ma'aikacin da ya riga ya ware wa masu hawan jini littafi da rana ba tare da takarda ta zo daga sama ba, a tambaye shi yadda ya yi.

Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta yi manyan taruka a kan tsufa a Biyana a 1982 da Madrid a 2002, ta keɓe ranar 1 ga Oktoba domin tsofaffi. A wajenmu ranar ta faɗo daidai da kaka, lokacin da ƴan bida da yawa ke gida, ana ɗaurin damma, gida cike da hannuwa. Mai binciken da ya zo a wannan mako zai tarar da dattijo kewaye da ƴaƴansa. Sai ya daure ya komo cikin Janairu, bayan motoci sun kwashe samari daga tashoshin Buza da Madawa da Kaita, sa'ad da hunturu ke kaɗawa ta tsakanin layukan dogon yaro.